Kaurin Tikiti Ɗaya

Zuwa ga maigidana Tatsuro,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya birnin Nagoya? Mu nan kwana tara ana ruwa, shinkafa ta yi kore shar. Cikina ma lafiya, ya fara motsi.

Na ga saƙonka cewa in kwance katakon da Baba, mahaifinka, ya shimfiɗa wa ƙaramin jirgin ƙasansa na wasa dogo a kai, in zuba a kwali, tunda ɗakin da yake ciki zai zama na jariri. Ban kwance ba. Tun da hannunsa ya shanye, kullum yana zaune yana kallon kwanar bakin kogi da bai ƙarasa shimfiɗawa ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran layin dogon ƙauyenku kafin a rufe shi. Wannan na kan katako kaɗai ya rage masa.

Shekaranjiya na ajiye littafina, saura shafi goma in san ko budurwar labarin za ta dawo, na ɗauki hantsaki. Baba ya ce, "Ke 'yar littafi, wannan fa ba takarda ba ce." Amma bai hana ni ba. Na jera ƙarafan dogon kwanar na haɗa su gam, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ya duba, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ina jin yabo ne.

Ka riƙa cin abinci mai zafi.

Matarka,
Chinami

Maigidana,

Ina gaishe ka da kewa. Yaya tarin da ka ce yana damunka?

Ashe ba yabo ba ne. Ruwa na ɗaukewa zafi ya sauko, ka san ɗakin yana kallon yamma. Ranar Laraba na tarar da dogona ya tanƙware, ya ɗago daga katako. Na zauna a tabarma ina kuka, Baba kuwa dariya har da riƙe ciki, karo na farko tun da ya baro asibiti.

"Ƙarfe ma yana miƙa idan ya ji zafi. Kin bar masa wuri?"

Na ce, "Haba Baba, kana gani ka ƙyale ni?"

"Da na faɗa, da kin manta."

Sai ya ciro tsohon tikiti mai kauri daga aljihu, ya ce in cusa shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe kafin in kafe. Kwana shida na yi. Na baza tsakuwa da goga, na ɗiga mata gam da ruwa ɗigo-ɗigo, har bayana ya ƙage.

Yau da safe ya rufe ido ya bi kwanar da ɗan yatsa. Sannan ya miƙe, ya tallabo shanyayyen hannun da mai lafiyar, ya nuna dogona kamar yadda ma'aikatan jirgi ke yi kafin su sallami jirgi, ya ɗaga murya: "Hanya lafiya!" Jirgin ya sha kwanar, ya haye gada, ko girgiza bai yi ba. Tatsuro, ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan ba.

Don haka katakon yana nan daram. Na auna, gadon jariri zai shiga ɗakinmu idan na fitar da kabad ɗin littattafaina, kuma ƙanwata za ta zo ta kwashe su ranar Asabar. Idan ka zo hutun Obon na tunawa da magabata, ka kalli kwanar da ido kawai. Tawa ce.

Baba yana gaishe ka.

Taka har kullum,
Chinami