Buhun Inna Kulu Mai Jan Ƙyalle Iri Ne, Ba Abinci Ba

Zuwa ga masu girma injiniyoyin da suka ƙera manhajar wayar da ake aiki da ita a siton hatsi na ƙungiyar manoma, nan Kaura Namoda, da shugabannin da suka kawo mana ita.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ku yi mini afuwa idan kun ga kuskure a rubutuna. Sunana Shamsiyya, shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Ban taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa ba. Ko a aji, idan malam ya kira sunana, muryata maƙalewa take yi.

Ban san sunayenku ba, ban san garin da kuke ba. Sau uku ina danna wurin da kuka ce a danna idan an sami matsala, sau uku amsa ɗaya take dawowa da Turanci. Malamarmu ta Islamiyya ta fassara mini: wai kun gode, wai kun karɓa, wai za ku duba. Yau kwana goma sha tara kuna dubawa. Shi ya sa na rubuta a takarda, malama ta ce za ta sa inda jama'a za su gani, ko Allah zai sa wani da ya san ku ya kai muku.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Dauran. Shekara uku da suka wuce muka taso saboda halin da kowa ya sani, muka kama ɗaki biyu a nan Kaura. Kakata Inna Kulu, wadda ta haifi babana, ta bar gadonta da tukwanenta a can, amma ta fito da dami ɗaya na gero a kanta. Geron ƙauyenmu ne, mai gashi a zangarniya. Tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, gashin yana tsone masa ido. Yana kuma nuna da wuri. Watakila a wurinku wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu ma'anarsa ita ce ba sai an tura kowa ya wuni a gona yana korar tsuntsaye ba, a lokacin da wuni a gona ba abin wasa ba ne. A yi shuka, a yi noma, a girbe da sauri, a dawo gida.

Gida goma sha ɗaya na mutanen ƙauyenmu ne suke shuka wannan gero a gonakin aro na bayan gari. Kowace kaka, kowane gida yana zaɓo zangarniyar da ta fi kyau ya kawo wa Inna Kulu. Ita ke ajiye irin kowa. Idan ruwan shuka ya sauka, sai ta zauna da tiya ta auna wa kowane gida. Ba a sayarwa, ba a tuwo da shi, ko da yunwa ta kai inda ta kai. Alamarsa kuma ɗaya ce tun kafin a haifi babana: jan ƙyalle a bakin abin da aka zuba shi.

Ɗakinmu yana yoyo, ɓeraye kuma sun fi mu yawa, shi ya sa muke kai irin sito. Mai kula da siton, Baba Lawali, dattijo ne da ya san jan ƙyalle. Da, idan ya gani, sai ya sa a ɗora buhun a kan katako ta bangon gabas, ba mai taɓawa sai mai shi ya zo. Shekara biyu muka yi haka lafiya. Bana kuka kawo waya. Ga abubuwan da suka biyo baya.

Na ɗaya. Buhu biyu na iri muka kai, da makonni a tsakaninsu. Ranar da muka kai na farko, Baba Lawali ya miƙo mini wayar, domin rubutunku ƙanana ne, idonsa ba ya gani, ni kuma na iya boko. Ya liƙa wa buhun sitika mai lamba, na ɗauki hotonta, sai wayar ta ce in zaɓi abin da ke ciki. Gero, dawa, masara, wake, shinkafa. Shi ke nan. Na ja sama, na ja ƙasa, babu iri. Mutane suna layi a bayana, wani yana cewa yarinya ta yi sauri. Sai na danna gero. Can ƙasa na ga wani ɗan fili na ƙarin bayani, na rubuta da manyan baƙaƙe: IRI NE KADA A TABA. Haka na yi wa na biyun ma da muka kai shi. Na koma gida ina jin na yi abin kirki. Inna Kulu har tana tsokanata, tana kirana malama mai waya.

Daga baya na gane wannan fili ba ya fitowa lokacin da ake fitar da kaya. Ku gaya mini, don Allah, wa kuka yi wa shi? Na rubuta, wa zai karanta?

Na biyu. Manhajarku ba ta yarda a motsa buhu sai ta gaya wa ofishinku a daidai wannan lokacin. To, a cikin siton babu sabis. Kwanon rufi ne da bango mai kauri. Inda ake samu shi ne saman tankin ruwa da ke bayan sito. Don haka duk ranar Laraba, idan babbar mota ta zo ɗaukar hatsin da za a kai kasuwar Shinkafi, Baba Lawali, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, yana hawa tsani ya zauna a kan tanki. Ya aro gilashin idon wani, ya ɗaga wayar sama, yana kiran lambobi da ƙarfi, 'yan dako suna ciki suna nemo buhun da lambar ta faɗa.

Ku lura da abin da kuka yi. Mutum ɗaya da ya san jan ƙyalle, kun ɗora shi a kan tanki, inda ba ya ganin ko buhu ɗaya. 'Yan dakon kuma mutanen gari ne, sun ɗauka tsumma ne aka ɗaure baki da shi. Haka buhunmu na farko ya hau mota, Laraba uku da suka wuce. Babana ya bi shi har Shinkafi ranar Alhamis, ya tarar an riga an juye shi cikin tarin gero, ana aunawa. Zaɓaɓɓiyar zangarniyar gida goma sha ɗaya, wani ya dama fura da ita, bai ma san abin da ya sha ba.

Da babana ya dawo ya faɗa, Inna Kulu ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta tashi ta yi alwala, lokacin salla bai ma yi ba. Tun ranar ba ta sake kirana malama mai waya ba. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ni na danna.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Washegari muka je mu ɗauko buhun da ya rage. Yana nan a kan katako, da jan ƙyallensa, da lambarsa mai ƙarewa da 417. Na sa hannu na taɓa shi. Amma wayar ta ce ba shi za a ba mu ba. A wurinta gero gero ne, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Ta nuna mana wani buhu a lungu, na wani mutum da ba mu sani ba, geron kasuwa, har da ƙwari a bakinsa. Ta ce nauyinsu ɗaya. Wani ɗan dako ya yi dariya, ya ce mu karɓa mana, ai wayar ta fi mu sanin gero.

Ranku ya daɗe, na san dalilinku. Malama ta bayyana mini cewa kuna son kada tsohon hatsi ya daɗe ya lalace. Wannan daidai ne ga hatsin ci, ban musa ba. Har na ji Baba Lawali yana cewa tun da waya ta zo ba a sake cewa buhu ya ɓata ba. Amma idan ka kai ɗanka makaranta, da yamma ba a miƙo maka wani yaro a ce tsayinsu ɗaya.

Sai na yi dabara. Na ce bari in jira har layi ya zo kan namu, sai mu nemi fitarwa a daidai lokacin. Kwana tara ina zuwa bakin sito bayan na gama wanke-wanke, in zauna a gindin dalbejiya, in riƙa leƙa wayar ina ganin buhu nawa ya rage a gabansa. Ni da ba na iya haɗa ido da maza, na zama abin kallo. Masu shayi sun sa mini suna mai gadi. Jiya saura ashirin da shida. Motar Laraba tana ɗaukar arba'in a tashi ɗaya. Firamare kawai na gama, amma wannan lissafin na iya shi: layin ba zai taɓa tsayawa a kan buhunmu ba, zai bi ta kansa ne ya wuce.

Na huɗu. Za ku ce me ya hana Baba Lawali ya ba mu buhun kawai. Idan aka fita da buhun da ba shi wayar ta faɗa ba, sai ta koma ja, ta yi ƙara, ta kai rahoto. Sau biyu ya yi haka don taimakon wasu, sau biyu takardar gargaɗi ta zo masa. An ce masa ta uku ita ce sallama, kuma mutum tara ne suke ci daga hannunsa. Yanzu wayar ma Manaja yake kiranta. Duk abin da ka tambaye shi, sai ya ce sai abin da Manaja ya ce.

Duk da haka, shekaranjiya ya zo gidanmu da hantsi, ya zauna a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce zai ɓare sitikar buhunmu ya liƙa a na lungu, ya ɗauko ta lungu ya liƙa a namu, wayar ba za ta gane ba. Murna ta kama ni. Sai Inna Kulu ta ce:

"Lawali, Allah ya saka. Amma ba ni ɗaukar abina kamar ɓarauniya, kuma ba ni cin tuwon da ya fito daga bakin ɗiyanka."

Ya tashi ya tafi yana share ido da bakin rawani. Ni kuma na shiga ɗaki na ɗauko biro, domin ban ga abin da ya rage ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Matan ƙauyenmu suna zuwa gaishe da Inna Kulu, ba wadda take tambaya, amma duk suna kallon inda tiyar take rataye. Ko wannan buhun ɗaya, sai an rage wa kowane gida rabi. Idan ya tafi, babu inda za a samo wani. Ƙauyen babu kowa, rumbunan sun rushe. Shi ke nan geron ya ƙare a hannuna, ni da aka ba waya saboda na yi makaranta.

Ga abin da nake roƙo.

Kafin Laraba mai zuwa, ku buɗe buhu mai lamba 417 a ba mu shi. Shi ɗin, ba mai kama da shi ba. Na tabbata a wurinku aikin minti ɗaya ne.

Ku ƙara kalma ɗaya a jerinku: iri. Baƙi uku ne kawai. Duk buhun da aka danna masa ita, kada ya shiga layi, kada ya fita sai hannun mai shi. Ku sa ta fito da ja babba a fuskar wayar, yadda ko mai raunin ido zai gani. Ba mu kaɗai ba ne. Na ga jan ƙyalle uku a cikin siton da ba namu ba, masu su ba su san abin da ke jiransu ba.

Ku bar wayar ta yi aiki a cikin sito, ta riƙe abin da aka yi, idan sabis ya zo ta aika muku. Ku sauko da Baba Lawali daga kan tanki tun bai faɗo ba, kuma ku janye masa takardun nan biyu.

Idan za ku sake ƙera wani abu domin manoma, ku zo ku zauna a bakin sito ko wuni ɗaya. Akwai inuwa a gindin dalbejiya, zan matsa muku.

Ban iya faɗa ba, ban iya ɗaga murya ba, kuma ba zan taɓa sitikar kowa ba. Amma na nemi izinin babana, ya ba ni. Ranar Laraba da sassafe, kafin mota ta iso, zan shiga sito in hau kan buhun nan in zauna. Ba zan ce wa kowa komai ba. Idan Baba Lawali ya kira 417 daga kan tanki, 'yan dako za su tarar da ni a kai. Inna Kulu ta ce za ta zo da tabarmarta, da tiyarta.

Allah ya ƙara muku ilimi mai amfani, ya tsare ku da iyalanku, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Allah ya sa wannan takarda ta riga motar isa.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Shamsiyya, jikar Inna Kulu,
Kaura Namoda.