Warangin Bilyaminu

Yelwa, ranar Litinin

Malam Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Sakkwato. Na gode da zuwan da ka yi mana ta'aziyyar mijina Bilyaminu. Na fita takaba, na koma cibiyar koyon kwamfuta, na karɓi ajinsa.

Ka san halin intanet ɗinmu, yau akwai gobe babu. Shi ya sa marigayin ya mai da tsohuwar kwamfutar ofis rumbu. Duk ƙunshin manhajar da muka gina daga rubutun tushe, nan muke zuba shi, sauran kwamfutoci su ɗiba. Manhajar karatun da muke yi wa yaran tungogin masunta ƙunshi uku ce, ya sa musu sunayen kifi don ɗalibai su riƙe wanda ke cin wani. Warangi ne ƙarami, shi ke tsara haruffa. Tarwaɗa ke karanta su da murya, kuma ba ta ginuwa sai ta ci warangi. Giwan ruwa ke haɗiye su duka.

Ƙungiyar da ke tallafa mana ta kawo ƙananan kwamfutocin da za a raba wa tungogin Ngaski da Shanga, amma tsarinsu sabo ne. Na sabunta namu, tun daga nan tarwaɗa ta ƙi ginuwa. Jirgin ruwan da zai kai su zai tashi ƙarshen wata. In manhajar ba ta tashi ba, wani gari za a kai kwamfutocin. Ga hoton abin da allo yake rubuto mini.

Ɗalibarka,
Salma

Sakkwato, ranar Laraba

Ɗiyata Salma,

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Bilyaminu, ya ƙara miki haƙuri. Komawarki aji ta faranta mini rai ƙwarai, har na karanta wa ɗalibaina zancen kifayen nan. Sun ce da haka na koya musu da tuni sun gane.

Matsalar ƙarama ce. Tarwaɗa tana shiga rumbu ta tarar da tsohon warangi, wanda aka gina don tsohon tsari, ta ɗauka, ya maƙale mata. Ki fitar da shi, ki ƙara lambar sigarsa, ki sake gina shi daga tushe, ki mayar rumbu, ki sabunta rumbun ya san da sabon. Sannan tarwaɗa, sannan giwan ruwa. Kada ki tsallake.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini. Ke ce kika fi kowa a ajinku gane wannan darasi, har shi marigayin wurinki ya kwafa. Layin farko na hoton da kika aiko ya faɗi komai. Mene ne ainihin abin da ya hana?

Ki gaishe da Innarsa.

Malaminki,
Jalaluddeen

Yelwa, ranar Asabar

Malam,

Ina gaisuwa. Inna tana amsawa.

Na sani. Tun ranar farko na sani.

Warangin da ke cikin rumbu shi ya gina shi, da safen ranar da ya shiga jirgin Warra. Ranar da lokacin suna nan a gefen sunan ƙunshin. Ya ce mini, "Bari in ajiye miki warangi, kada in dawo ki ce na bar ki da tukunya ba miya." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Da la'asar iska ta taso a tsakiyar ruwa.

Rigunansa an raba. Babur ɗinsa ƙanensa Sallau ke hawa. Wayarsa tana ƙasan tafki. Wannan kaɗai ne abin da yake nan yadda hannunsa ya bar shi. Kullum in na buɗe ofis sai na duba, in ga ranar ba ta motsa ba.

Jiya Zulai'atu, wadda ta fi kowa baki a ajin, ta ce, "Malama, tarwaɗar nan azumi take ne? Kullum a ba ta ta tofar." Aka yi dariya. Cindo ya ce ai kifin ne ya kwana, a sake kamo wani. Bai san abin da ya faɗa ba. Na ce su tafi hutu, na rufe ƙofa.

Na gwada in yaudari tarwaɗa ta karɓi tsohon, ta ginu rabi ta rushe. Na san yaran tunga suna jira, akwai waɗanda shi da kansa ya yi wa alkawari. Amma Malam, in na danna a sake gina shi, ranar za ta koma ta yau, shi kuma babu shi a yau.

Salma

Sakkwato, ranar Litinin

Ɗiyata,

Na karanta wasiƙarki na daɗe ban iya tashi ba. Ki yafe mini da na kira abin ƙarami.

Ba zan ce miki ba komai ba ne. Ranar za ta canza, kuma za ki ji zafinta. Amma ki saurare ni kamar dā a aji. Abin da ke cikin rumbu dafaffe ne, an dafa shi don wata rana da ta wuce. Hannun Bilyaminu yana cikin rubutun tushe, kowane layi nasa ne, kuma shi za ki sake dafawa. Ba ki sake masa ko harafi. A tarihin ƙunshin za ki rubuta sunanki a sama, nasa yana ƙasa, ba mai cire shi. Duk kwamfutar da ta sauka tunga da shi za ta sauka.

Kuma ban ce ki goge ba. Ki kwashe tsohon a filashi ta yadda ranarsa za ta biyo shi, ki adana. Rumbu ne kawai ba wurinsa ba yanzu.

Kada ki yi ke kaɗai da ƙofa a rufe. Ki tara ɗalibai, ki gaya musu wanda ya gina shi. Su ma malaminsu ne. In kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa mini, zan shigo motar Yauri ran Juma'a in zauna kusa da ke. Amma ba zan danna miki ba.

Allah ya sanyaya miki.

Jalaluddeen

Yelwa, ranar Alhamis

Malam,

Ina gaisuwa. Ba sai ka zo ba.

Na kai wa Inna filashin. Ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Mi ke ciki?" Na ce aikinsa na ƙarshe. Ta ƙulle shi a gefen zanenta.

Na tara ɗalibai na gaya musu. Cindo ya sunkuyar da kai. Na danna, rubutu ya yi ta gudu a allo, sannan ya tsaya. Ni ban taɓa gina warangi da hannuna ba, shi yake yi, don haka ban san ya sa masa saƙon kammalawa ba. Layi ɗaya ne, da ranar yau a gefensa: "Warangi ya dahu, Salma, a kira tarwaɗa."

Zulai'atu ta matso da kujerarta kusa da tawa.

Na kira tarwaɗa, Malam. Ta ci.

Ɗalibarka,
Salma