Motar da Anka Saya da Idon Sayen Sa

Daga: Mode Abdulƙadir, direba,
Shiyyar Ƙofar Yamma, Magarya,
Ƙaramar Hukumar Wurno.

Litinin, 19 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Abdulƙadiri,
Shugaban Ƙungiyar Manoman Albasa ta Tsintsiya Ɗaya,
Shiyyar Wurno, Rabah da Goronyo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KARƁE MAKULLIN MOTAR RESHEN MAGARYA DAGA HANNUNA, DA TAKARDAR DA AKA CE SAI NA SA WA HANNU

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan ana damina lafiya, ina neman izini in gabatar da kukana. Ni ne direban motar reshenmu na Magarya tun ranar da anka sayo ta. Shekarata ashirin da bakwai a kan sitiyari, ko kazar wani ban taɓa takewa ba. Yau kuma an ce in sa hannu bisa takarda cewa ban iya tuƙi ba. Ga yadda abin yaz zo.

1. Ranar Litinin, 15 ga Janairu, 2024, kwamitin saye yat tafi Sakkwato neman a-kori-kura da za ta riƙa fiddo albasa daga fadama tana kai taki. Anka aza Alhaji Sa'adu shugaban kwamitin, don kaf ƙasar Wurno babu wanda ya kai shi sanin san huɗa. Wannan gaskiya ce, ba na musu. Anka tafi da Malam Albert, malamin makaranta kuma sakatarenmu, don ya rubuta abin da anka yi. Ni kuma anka ce in biyo su don in tuƙo motar gida.

2. Dillali ya nuna muna motoci biyu, kuma bai ɓoye komi ba. Ɗaya fara ce sumul, ƙafafunta na baya kaɗai ke ja. Ɗayar toka-toka ce, ta ɗan sha jiki, amma tana ja da ƙafa huɗu, irin wadda mu direbobi muke kira fowil. Cikin ladabi nic ce wa kwamiti hanyarmu rairayi ce da rani, taɓo ce da damina, saboda haka fowil ce daidai da mu. Malam Albert ya rubuta wannan magana a shafi na goma sha ɗaya na littafin taro, Allah shi saka mai.

3. Ranka ya daɗe, a nan Alhaji Sa'adu yan naɗe hannun riga. Yas sa anka buɗe bakin kowace mota, yal leƙa ciki an jima, ban san ko haƙora yake nema ba. Yaz zagaya su sau uku uku yana marin ɗuwawunsu da tafin hannu yana saurare. Da yaz zo ga fowil yag ga ƙarce a haƙarƙarinta, sai yag girgiza kai, yac ce dabbar da ka ga tabon bulala a jikinta, to mai gardama ce. Da dillali yaf faɗi cewa ta fi shan mai, yac ce ai ya sani, mai yawan ci ba ya ƙiba. Da kuma yaj ji farar da baya take ja, fuskarshi taw washe, yac ce ƙarfin sa ai a cinya yake, wanda duk ya taɓa riƙa garma ya san haka. Nis sake buɗe baki, yac ce mani yaro bai san wuta ba sai ya taka. Shekarata hamsin da huɗu, ranka ya daɗe.

4. Farar dai anka saya. Gwajin da anka yi mata, bisa kwalta anka yi shi, daga Sakkwato zuwa Achida. Ba ni ɓoye alherinta: bisa kwalta motar nan ba ta da aibi. Tana tafiya sumul, ba ta shan mai, ba ta ko tari. Wanda duk sana'arshi ke bisa titi, ita ya kamata ya saya. Matsalar ɗaya ce, mu albasarmu ba a titi take tsirowa ba.

5. Ranar Alhamis, 7 ga Maris, tak kafe karon farko, a rairayin Mashigin Kuka da ke tsakaninmu da fadama. Ƙafafun baya sunka yi ta haƙa rami har cikinta yat taɓa ƙasa, na gaba kuwa suna tsaye suna kallo, awa baƙi a gidan suna. Na rage iskar taya. Na shimfiɗa zana. Na sa katako. Ƙarshe sai da anka zo da shanun huɗar Alhaji Sa'adu guda biyu, Gudale da Kyalla, anka ɗaura masu igiya sunka fiddo ta. Alhaji Sa'adu yat tsaya bisa tudu yana murna, yana shaida wa jama'a cewa dubi irin shanun da yake zaɓe.

6. Daga wannan rana zuwa ƙarshen Yuli, motar ta kafe sau goma sha tara. Na aza buhunan yashi a bayanta don ta samu nauyi, har ya zama yashin ya cinye rabin wurin albasa. Shebur biyu nake yawo da su, ni da ban taɓa aikin gini ba. Abin ya kai Gudale da Kyalla in sun ji hon ɗina daga nesa, da kansu suke miƙewa su nufi mashigi, ba mai kora. Daga baya ma kwamiti yag ga jira ɓata lokaci ne, sai anka riƙa sallamar shanun su yi gaba, ni in biyo su a giya ɗaya. Wallahi tallahi, ranka ya daɗe, an yi ranar da wata tsohuwa ɗauke da itace taw wuce mu, ta juyo ta yi muna sannu da aiki.

7. Ina roƙon a yi mani uzuri in kawo abin da ba na ofis ba. A tashar Achida, inda direbobi ke gaisawa da tambayar hanya, ni yanzu kiwo suke tambayata, da lafiyar garke. Yaran da ni na koya wa riƙon sitiyari su ke yi mani haka. Maiɗakina Hauwa'u ta daina zuwa injin niƙa da kanta, don mata na tambayarta ko akwai nonon sayarwa. Ina dariya tare da su don kar a ce na ji haushi. To na ji. Ya yi mani ciwo ƙwarai.

8. Ranar Asabar, 10 ga Agusta, kwamiti yaz zauna kan matsalar. Na ɗauka ranar wanke ni ta zo. Sai Alhaji Sa'adu yat tashi yab bayyana cewa a saninshi sa nagari ba ya ƙin kuyyar huɗa, sai in hannun mai garma ne ba ya da kyau. Tunda kuwa shi yaz zaɓi motar, kuma bai taɓa zaɓen banza ba, to laifin na hannun direba ne. Malam Albert ya nemi ya karanta shafi na goma sha ɗaya, anka ce lokacin salla ya yi. Anka karɓe makulli anka ba Zayyanu, surukin Alhaji Sa'adu, wanda ke bin shanun. Hujjarsu ita ce, tunda shi da motar da shanun kullum tare suke aiki, sun riga sun saba. Zayyanu mutumin kirki ne, ba ni da faɗa da shi, amma iyakar tuƙinshi babur. Sannan anka miƙo mani takarda mai cewa motar na kafewa ne saboda rashin iya hannun direba, wai in sa hannu don a rufe magana. Ban sa ba.

9. Ranar Alhamis, 15 ga Agusta, Zayyanu yaɗ ɗauko takin da membobi ke jira, yash shiga Mashigin Kuka da gudu, bisa shawarar cewa gudu ke ƙetare taɓo. Ta nutse har ƙofa. Anka kawo shanu, sunka ja sau biyu, Gudale yak kwanta yaƙ ƙi tashi, igiya kuma tay yanki wuyan Kyalla. Nan take Alhaji Sa'adu yah hana a sake ɗaura masu, yac ce ba zai kashe dabbobin kirki saboda ƙarfen da ba ya da zuciya ba. Shi dai yaz zaɓi ƙarfen.

10. Yau kwana huɗu ke nan motar na can, takin jama'a na bisa, an rufe da tamfol, ruwan mashigi kuwa kullum ƙaruwa yake. Kowace safiya ina zuwa in duba ta, in share mata gilashi, ko da yake ba ni da makulli. Ba laifinta ba ne. An kawo ta aikin da ba a ƙera ta dominshi ba, ni kuma na san yadda wannan yake.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) A turo motar noma ta fiddo ta tun takin bai narke ba. In Shugaba zai zo gani da ido, ina ba da shawarar ya aje motarshi a kwalta ya ƙaraso da ƙafa.

(b) A musanya ta da fowil, ko da mai tabon bulala ce. In ba hali, a bar ta bisa titin Achida zuwa Sakkwato inda take da amfani, a daina wahal da bayin Allah.

(c) Nan gaba in za a sayi abin da ke da inji, a tambayi mai tuƙa shi. Ni kuma na yi alkawari a rubuce, har in mutu ba ni zaɓa wa kowa sa.

(d) A buɗe shafi na goma sha ɗaya a karanta gaban jama'a, a mai da mani makullina, a janye waccan takarda.

Ranka ya daɗe, ba ni da gona a fadama, ba ni da ko ɗan maraƙi. Abin da nit tara a shekara ashirin da bakwai shi ne in an ce Mode ke tuƙi, uwa ta sa ɗanta a mota ta koma ɗaki hankali kwance. Shi kaɗai gare ni, kuma da shi nake so a rufe ni. In kuwa kwamiti ya nace lalle sai wani ya amsa cewa bai iya aiki ba, to akwai ma'aikata biyu a motar nan da tun Janairu ba su taɓa jan komi ba. Suna nan gaba, ƙafar dama da ta hagu, cikin taɓon Mashigin Kuka. A kai masu takardar su dangwala.

Allah shi ja zamanin Shugaba, shi ba mu damina mai albarka, shi ba Kyalla lafiya.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Mode Abdulƙadir
Direba, Magarya.

Kwafi zuwa ga: Malam Albert, Sakataren Reshe.