Wata Biyar Ina Jiran Mutuminku Daga Yamai

Zuwa ga Mai Girma Direktan kamfanin asirans, wato inshora, da nake biya, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da ma'aikatanku. Yaya muka ji da wannan fari? Allah Ya kawo mana sauƙinsa.

Sunana Mamman Sani, mazaunin Agadas. Ina da tsohuwar mota bashe mai rufin tanti, ina hawa Timiya da ita sau biyu a wata, in kai hatsi da shayi da sukari, in sauko da abin da lambuna suka bayar. Shekara tara ina biyan asirans a hannun wakilinku na nan, ban taɓa bari ranar biya ta wuce ba, ban kuma taɓa neman ko dala a wurinku ba. Wasiƙa uku na aiko ta hannunsa babu amsa, shi ya sa na rubuta wannan a fili.

Na ɗaya, abin da ya faru. Kwana uku bayan Sallar Layya, da hantsi, na tsayar da motata a bakin kasuwa, na kashe ta, na shiga sayen igiya. Wani kamiyo, babbar motar kaya, da ke ɗauke da hatsin taimako ya zo gyara tsayuwa, ya ja da baya, ya taɓa mini gaba. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar kwano ba. Fitilar hagu ta fashe, ƙarfen gaba ya lanƙwashe ya huda tukunyar ruwan injin. Da na fito sai na tarar ruwan yana zuba ƙasa, awaki biyu sun taso suna lasa. Matuƙin, wani dattijo mutumin Tawa, bai yi gardama ba. Ya kama hannuna ya ce laifinsa ne, kwana biyu bai runtsa ba. Sojan da ke rakiyar hatsin shi ma ya shaida. 'Yan sanda suka zo suka auna, suka rubuta takardar konsta ta shaidar hatsarin, muka sa hannu. Sai ga shi kamiyon ma a kamfaninku yake biya. Ranar har murna na yi, na ce abu ya zo gida.

Na biyu, abin da wakilinku ya ce. Makanikena ya duba, ya rubuta cewa gyaran jika sittin ne, wato sefa dubu sittin, kuma in an aiko da tukunyar daga Damagaram, aikin yini ɗaya ne. Wakilin ya karɓi takardun duka, har da konstar ta asali, na sayi tambur, wato kan sarki, na manna. Sannan ya ja mini kunne kada in bari a taɓa ko ƙusa ɗaya sai mai dubawarku ya zo daga Yamai ya gani da idonsa, in ba haka ba haƙƙina ya faɗi. Na tambaye shi yaushe. Ya ce mako mai zuwa. Bayan wata biyu maganar ta sake: wai a ranar kamiyon yana aikin hukuma, don haka ba ku za ku biya ba. Na je biro, wato ofishin masu rabon taimako, aka ce mini kamiyon na ɗan kasuwa ne, haya aka yi. Ni ba na ja da hukuma, ranku ya daɗe. A wannan zamani na soja kowa ya san iyakar bakinsa, kuma hatsin nan ya ceci mutane da yawa. Da ku na yi alkawari, hatiminku ne a kan takardata.

Na uku, abin da ke cikin motar, wanda ba a rubuta a konsta ba. Buhu shida ne na dusa da angurya, na wani aminina a Timiya mai suna Gali. Mai lambu ne, shekara goma sha biyu muna hulɗa. Lambunsa rijiya ɗaya gare shi, da sa ɗaya fari da ke jan guga tun asuba. Bana ruwa ya yi nisa ƙwarai, igiyar da na shiga saya ma ta ƙarin tsawo ce. Ciyawa kuwa babu ko tsinke a duwatsun Abzin. A zuwana na ƙarshe na ga san yana tsayawa a tsakiyar ja, ƙafafunsa na rawa. Gali ya ba ni abin da ya tara, na ce masa kwana takwas zan dawo.

Na nemi wanda zai kai masa. Manyan motoci duk suna kan hatsi. Raƙuman da na samu, masu su sun ce ko kansu da ƙyar suke ɗauka. Sai bayan mako biyar na samu wata mota mai hawa, na ɗora buhunan. Da suka isa, san ya kwana tara da faɗuwa a bakin rijiya, an yanka shi, naman ko kirki babu. Yanzu Gali da matarsa da ƙanensa ke jan guga da hannu. Sun zaɓi itatuwa bakwai suna ba su ruwa, sauran sun bar wa Allah. Cikin waɗanda aka bari akwai rumman da kakansa ya dasa.

Na san za a ce me ya hana ni cin bashi in gyara. Na yi wannan tunanin kullum. Amma kowace Litinin wakilinku yakan ce mutumin yana hanya, ni kuma in ce bari in ƙara mako ɗaya kada in zubar da haƙƙina. Wannan kuskuren nawa ne, na ɗauka. Wanda ya sa ni a ciki kuwa naku ne.

Na huɗu, wannan ba ƙara ba ce, ina son dai ku san yadda jira yake. Mun tura motar ƙofar gidana. Bayan la'asar nakan shiga in zauna, in ɗora hannu a kan sitiyari. Ba na tayar da ita, amma ina tafiya. Nakan fita gari ta arewa, in bar hasumiyar masallaci tana ƙanƙancewa a madubi. In bi rairayin ƙorama inda dole a sassauta, in hau baƙaƙen duwatsun nan da ke sa injin kuka, in wuce inda nake tsayawa in dafa shayi. Can sai ƙanshin danshi ya bugo, dabinai su bayyana, in ji kukan ƙarfen rijiya da muryar Gali yana yi wa sansa magana da Buzanci a hankali, kamar mai lallashin tsoho. A wannan tafiyar ruwa yana kusa, guga na fitowa cike. Wani lokaci har mutuminku nakan ɗauka a hanya. Na ƙirƙira masa fuska, na sa masa farar riga da tabarau, na ba shi gaban mota, ina nuna masa ƙasar. Mutumin kirki ne, yana tambaya, yana rubutawa. Sai matata ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce an kira magariba.

Ga roƙona. Ku turo mai dubawar, ko ku yarda da takardar makanikena, ku ba ni izini a rubuce in gyara. Ku biya jika sittin ɗin, ban ƙara ko dala a kai ba, domin sa da itatuwa ba su cikin alkawarinmu, na sani. In kuwa kun yanke ba za ku biya ba, ku faɗa mini da kalma ɗaya, ku maido mini konstata, in daina zuwa biro ranar Litinin. Kuma ku hana wakilanku cewa mako mai zuwa in ba su san ranar ba.

Shekaranjiya wani matafiyi ya sauko daga Timiya ya kawo mini ƙulli daga Gali. Lemu biyu ne ƙanana, fatarsu ta yi tauri. Na yi zaton zai yi maganar sa. Saƙon da ya bayar shi ne: "Ka ce wa Mamman na ji an bugi motarsa. Ina fatan shi bai ji ciwo ba." Ɗaya mun raba da iyalina. Ɗayan na ajiye wa mutuminku, amma ku gaya masa lemun bana ba ya jimawa.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya tsare ku daga jiran da ba shi da rana, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya saukar mana da damina mai albarka, mu da dabbobin da suka rage.

Wassalam.

Naku,
Mamman Sani, Agadas.