Rasuwar Murdo Gillanders da Makomar Kwalabe Goma Sha Biyu

Cikin alhini mai nauyi da miƙa lamari ga Mai Duka, Ƙungiyar Masu Ɗanɗana Wiski ta garin Kinardle, a yankin Speyside, ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Shugabanta na farko kuma Uban Ƙungiya, Dattijo Mista Murdo Gillanders, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da tara a duniya. Ya bar mai ɗakinsa, Uwargida Ishbel Gillanders, da 'ya'ya mata biyu da jikoki biyar.

Marigayin ya yi shekara arba'in da ɗaya yana haɗa gangunan katako a gidajen dafa wiski na wannan kwari, kuma shekara ashirin da shida ke nan da ya tara mu a ɗakin taron gari bisa ƙa'ida guda: ba ma taɓa kowace kwalba sai ta sha'ir zalla, daga gida ɗaya, wadda ta kwana a ganga tsakanin shekara goma sha biyu zuwa goma sha takwas. Idan aka tambaye shi dalili yakan ce, "Ɗan shekara takwas surutu ya yi masa yawa, ɗan talatin kuma katako kake tauna. Ku ba ni na tsakiya, wanda ya yi hankali bai fara mantuwa ba." Shi ya koya mana cewa aikin na hanci ne kafin ya zama na maƙogwaro, kuma bai taɓa barin kowa ya wuce ɗan awon da aka zuba masa ba. Babu ɗayanmu da bai sha ba'arsa ba. Ni mai sa hannu a wannan takarda na taɓa rubuta cewa wata kwalba tana da ɗanɗanon tsohon sirdi, ya karanta a gaban jama'a ya ce, "Effie, yaushe kika fara cin sirdi ban sani ba? Rubuta abin da kika ji, ki bar abin da kika karanta." Na yi fushi a ranar, yau kuwa ina kewar wannan muryar matuƙa.

Wajibi ne mu bayyana wa jama'a halin da rasuwarsa ta bar mu a ciki. Bisa al'adarmu, duk watan Janairu marigayin yakan sayo kwalabe goma sha biyu shi kaɗai, ya juye su cikin wasu marasa tambari, ya ba kowacce lamba, ya zura ta cikin safar ulu don kada ko launinta ya rinjayi mai ɗanɗanawa. Kwalba ɗaya muke buɗewa a wata, kowa ya rubuta makinsa, sai a taron Disamba ya miƙe ya faɗi sunayen. Bai taɓa rubuta su ba, domin a cewarsa takarda ba ta iya riƙe sirri, kuma kwalaben asali da kansa yake kai su juji a wani gari. Mun sha ce masa ya rubuta ya ɓoye, sai ya buga goshinsa da yatsa ya yi dariya, mu ma mu taya shi. Wannan sakaci namu ne gaba ɗaya, ba nasa shi kaɗai ba. Saura kwana tara a yi taron Disamban bana ya rasu.

Da izinin iyalansa mun duba littattafansa shafi-shafi, ba mu samu komai ba. Mun tambayi Uwargida Ishbel, ta ce, "Ni safa nake saƙawa. Mutumin da ko kyautar Kirsimeti ba ka iya tatsar bakinsa a kanta, shi zai gaya mini wannan?"

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, kwalba ta bakwai ta samu makin da ba mu taɓa ba wata ba tun kafuwar ƙungiya. Tuni gidajen wiski biyu suka aiko da ta'aziyya, kowanne yana raɗa mana cewa tasa ce. A cikinmu ma, Mataimakin Shugaba Mista Lachlan Petrie ya rantse ya gane ta, Ma'aji Mista Dougal Shand shi ma ya rantse, kuma sunayen da suka kama ba ɗaya ba ne. Wasu sun ba da shawarar a kaɗa ƙuri'a a buga sunan da ya yi rinjaye, don kada aikin shekara guda ya tafi a banza.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Ishbel, da 'ya'yansa Catriona da Mhairi, da jikoki da abokan aikinsa, muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe a cocin Kinardle.

Kwamitin Zartarwa ya zauna, ga kuma matsayarsa, wadda babu ja da baya a kanta. Ƙungiya ba za ta rushe ba. Taron Janairu yana nan, kuma daga yanzu za a riƙa rufe sunayen a ambulan a hannun mutum biyu. Rahoton bana zai fito cikakke da makinsa da bayanansa, amma da lambobi kawai. Ba za mu kaɗa ƙuri'a a kan gaskiya ba, kuma muna roƙon gidajen wiski su daina aiko mana cewa kwalbar tasu ce. Mutum ɗaya ne ya san sunan kwalba ta bakwai, kuma ba za mu sa masa magana a baki ba a lokacin da ba shi da halin musantawa.

Sa hannu:
Euphemia (Effie) Cruickshank
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya