Kambun Baba da Maganaɗisu

Litinin, 7 ga Yuni, 1965
Sun haɗa sabon maganaɗisun a ɗakin binciken da nake aiki. Girmansa ya kai turmi biyu, in an ba shi wuta kuwa sai ya fizge sukudireba daga hannun ƙato. Dakta, shugabanmu, ya sa an ajiye kwano a bakin ƙofa: makulli, agogo, wuƙa, duk a zuba kafin a shiga. Na zuba nawa. Kambuna na damtse ban taɓa shi ba. Riga ta rufe.

Laraba, 9 ga Yuni
Sada abokin aikina ya ce ina raɓar bango kamar mai tsoron kare. Na yi dariya. Bai san akwai guntun ƙarfen maƙerar Baba a cikin kambun ba.

Asabar, 12 ga Yuni, Kudan
Inna ta shafa damtsena tun kafin ta amsa gaisuwa. "Yana nan ko, Uwaisu?" Yana nan. Ran da Baba ya rasu ta ɗaura min shi, ta sa na yi alkawarin ba zai bar jikina ba. Na so in yi mata bayani, na rasa ta inda zan fara. Na ci tuwo kawai.

Talata, 22 ga Yuni
Sada na riƙe da bututun gilas a bakin maganaɗisun, ni na miƙa hannu in gyara waya. Ji na yi an fizgi damtsena. Gwiwar hannuna ta doki gilas ɗin, ya fashe a tafinsa. Jini har kan takalmina. Dakta ya tambaya, Sada ya ce, "Hannuna ne ya suɓuce, ranka ya daɗe." Ya faɗa yana kallon hannun rigata.

Alhamis, 24 ga Yuni
An yi masa ɗinki. Kunyarsa nake ji kamar in nutse.

Lahadi, 27 ga Yuni, Kudan
Na gaya wa Inna komai. Ta daɗe tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Yaron nan yana da uwa?" Na ce yana da ita, a Makarfi. Ta ce, "Allah sarki." Ba ta ce in cire ba, ba ta ce kada in cire ba. Da zan tafi dai ba ta shafa damtsen ba.

Litinin, 5 ga Yuli
Sada ya dawo. Likita ya ce ɗan yatsansa ɗaya ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Na kwance kambun a gabansa, na sa a kwano. Fatar wurin ta yi fari, sai sanyi nake ji a hannun. Ya kau da kai, ya ce in riƙe masa gilas.

Da aka tashi na ɗauki makullina da agogo. Na yi nisa a kan keke kafin na tuna na bar kambun a kwano. Hadari ya haɗo, shi ya sa ban juya ba.