Janaretan Da Ba Ya Tada Zarto

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki da yara. Innarki tana gaishe ki. Na ba direba wannan takarda ne don kin san kunnena da waya ba sa ga maciji, sai a yi ta "me kika ce?" har mutum ya gaji.

Janareta ya iso lafiya, Allah ya yi miki albarka. Tun da taransifomar unguwa ta ƙone ba mu kwana da fanka ba sai yanzu, firij ma ya dawo hayyacinsa.

Sai dai an cuce ki. Na ja waya zuwa shagona na zaure, na danna makunnin injin zarto. Ya yi gurnani, faifan ya juya kamar mai magagin barci, fitilu suka yi ja, janareta ya shaƙe ya mutu. Na sake gwadawa, haka. A jikin injina an rubuta kilowat biyu, a jikin janaretanki an rubuta uku. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san uku ta fi biyu. Ke ce injiniyar lantarki, to ɗan kasuwa ba ya tsoron digiri, ya liƙa miki takardar babba a jikin ƙarami. Ki mayar masa da abinsa, ki ce tsohon kafinta ne ya gano shi.

Ki hanzarta. Na yi wa tela maƙwabcinmu alkawarin ƙofofin sabon gidansa kafin damina, ga katako can jingine yana kallona.

Ki shafa mini kan yara.
Babanki

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kai da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya same ni, na ji daɗi da kuka samu barci.

Baba, janaretan lafiyarsa lau, ba wanda ya cuce ni. Na gida ne: fitilu, fanka, firij da famfon rijiya. Don Allah ka daina haɗa shi da injin, kada ya ƙone ku koma cikin duhu. Maganar ƙofofi kuma, ka ba wa ɗaya daga cikin yaran da ka yaye ya yanka maka katakon, kai ka haɗa. Tela zai fahimta. Wuta za ta dawo in sha Allahu.

A gaida Inna. Allah ya ƙara girma.
'Yarka

Injiniya,

Salamu alaikum. Gaisuwa ta wajaba, na yi.

Na kira mai gyaran janareta na bakin titi. Ya duba ya ce sabo ne fil, uku ɗin nan gaskiya ce. Ya ce injin irin nawa tashinsa ne aiki, kamar turin mota, in ta ɗauki hanya yaro ma sai ya tura. Lokacin tashi yana jan ninki uku na abin da aka rubuta masa, wato shida yake so, ba biyu ba. Na ce to 'yata ta yi kuskure ke nan. Sai ya tambaye ni aikin da kike yi. Da na gaya masa, ya sunkuyar da kai ya hau tattara sifanoninsa.

A nan na tuna zuwanki na ƙarshe. Kin durƙusa gaban injin, kin goge ɗan ƙarfen da aka rubuta ƙarfinsa da gefen mayafinki, kin ɗauki hoto. Ni kuwa ina tsaye ina washe baki, ina cewa a raina yarinyar nan ta damu da sana'ar ubanta. Ashe awon igiya kike yi. Kin ɗaure ni a turke kamar akuya, igiyar ta kai ni ga fanka da ruwan sanyi, ba ta kai ni shago ba.

Da kin fito kin ce "Baba, ba zan saya maka ba", da na ji haushi kwana biyu ya wuce. Amma ki bar ni ina sa miki albarka, ina zagin ɗan kasuwar da bai ji ba bai gani ba! Kuma har ki ce in kai wa yaran da na koya wa riƙon guduma su yanka mini katako? Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan injin ne ya kai ki makarantar da kika koyo lissafin da kika ɗaure ni da shi.

Ki gaida yara, su ba su yi mini komai ba.
Kafinta

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara, don yau ba zan tauna magana ba.

E, da gangan na yi. Na lissafa kayan gida, na lissafa tashin injin, na sayi wanda zai ɗauki na farko ya kasa na biyu. Ban yi nadama ba.

Ka tuna hoton da na ɗauka, amma ka manta abin da ya kawo ni gida a lokacin. Ni na tone garin katako da hannuna na tsinto kan yatsanka, na naɗe shi a leda, muka kai asibiti suka ce ba zai ɗinku ba. Inna tana bakin zaure ta kasa ko kuka. Likita ya ce yanar ido ta rufe maka idon dama, ba ka ganin inda haƙoran zarto suka tsaya. Ya ce aikin cire ta ba ya cin rabin yini. Ka ce ba mai sa maka wuƙa a ido. Mutumin da ke tura hannu kusa da zarto kullum shi ne ke tsoron wuƙar likita!

Ka ce da na fito na faɗa maka. Sau nawa na faɗa, Baba? Na faɗa, ƙanina ya faɗa, Inna ta faɗa har ta gaji. Duk wanda ya ɗauko zancen sai kunnenka ya ƙara toshewa. Ni ma raina a ɓace yake. Ƙofar tela ta fi mu daraja ne a wurinka?

Ka je a cire yanar nan. Ranar da aka kwance maka bandeji, janareta mai kilowat takwas zai kwana a zaurenka. Kafin nan, gara ka yi fushi da ni da yatsu tara.

Allah ya huci zuciyarka.
'Yarka

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri. A waya kuka zai hana ni magana.

Ke da babanku jirgi ɗaya ya kwaso ku, kowa na ji da taurin kansa, ni ce a tsakiya. Takardarki ya karanta ya cusa a aljihu. Asibiti kuwa ko hanyar bai kalla ba.

To ki sani injin yana aiki. Ya samo dabara. Da safe sai ya kashe komai na gida, har firij. Ya cire murfin bel ɗin da ke juya faifan zarto ya ajiye. Sai ya kama bel da hannu ya yi ta fizga har faifan ya ɗauki gudu, sannan ya daka mini tsawa in danna makunni. In na yi jinkiri janareta ya mutu, a sake daga farko. In na yi sauri hannunsa na kan bel. Na ce ba zan yi ba, ya ce to zai fizga da hagu ya miƙa dama ya danna da kansa. Shi ya sa nake yi.

Jiya bel ɗin ya kama hannun rigarsa ya yage shi har kafaɗa. Ya yi dariya ya ce rigar dama ta tsufa. Ni na danna, 'yata. Saura ƙofa huɗu, kuma wani ya kawo aikin tagogi.

Ke kika yi karatun, ki san yadda za ki yi da mu. Ban faɗa masa na rubuto ba.
Innarki

Baba,

Salamu alaikum. Mai takwas yana cikin motar direba, zai tada injin da dannawa ɗaya. Ka mayar da murfin bel kafin ka kunna, kuma kada Inna ta ƙara taɓa makunnin nan.

Ka ci nasara, Baba. Ba don na yarda ba ne. Zarto yatsa yake ci, bel kuwa hannu yake ɗauka gaba ɗaya, sai na zaɓar maka zarton. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi wa mahaifina irin wannan lissafi ba.

Allah ya tsare.
'Yarka